Kabarin Inna a Wudil

Tun da aka damƙa wa na'ura rabon jama'a a Kano, ita ke tura kowa inda cunkoso ya fi sauƙi, asibiti ne ko maƙabarta. Injiniya Tanimu ne ya tsara ta, ya toshe duk wata kafar alfarma.

Ranar da mahaifiyarsa ta rasu, na'urar ta ba su kabari a Wudil.

Kawu Sale ya ce, "Tanimu, kusa da babanku ta roƙa a sa ta. Ba kai ka gina abin ba?"

"Ni ne, Kawu. Shi ya sa na san ba ta jin roƙo."

Da motar gawa ta zo wucewa ta maƙabartar unguwarsu inda baban Tanimu yake kwance, Kawu ya sa direba ya rage gudu. Tanimu bai ɗago kai ba har suka fita daga gari.