Wasiƙun Injiniya Jalo

Motar ma'aikatar lantarki na tsayawa a unguwar Kwarbai, Injiniya Jalo ya leƙo daga zaurensa. Tun ritayarsa a 1989 yake aika musu wasiƙu ba suna, cewa tsohuwar madatsar ruwan lantarki ta tsage, ƙauyukan da ke ƙasanta na cikin haɗari. Shi ke nan, an gano shi!

Wani jami'i ya dire kwalin wasiƙu a zaure. "Ranka ya daɗe, wani mai naci ya ishe mu da takardu. An ce babu wanda ya san madatsar kamarka. Duba mana, mahaukaci ne?"

Jalo ya gyara tabarau, ya daɗe yana karanta rubutun hannunsa.

"Kai, wannan gwani ne!" in ji shi. "Ku yi duk abin da ya ce kafin damina."