Ƙwan Zabi a Ruwan Tsamiya

Furera ta ɓare ƙwan zabin da ta dafa, ta jera su cikin tulu, ta kwarara ruwan tsamiya, ta barbaɗa gishiri da citta da kanumfari, sa'an nan ta rufe bakin da faifai, ta tura shi bayan rumbu. A wani ƙauye ne daura da Bagwai, zamanin da ake sayen gishirin Bilma da kuɗin wuri a hannun Azbinawa.

Wajibi ne mai karatu ya san dalilin wannan ɓoyo. Furera tana da ciki. Zabi da damina kaɗai suke ƙwai, kwaɗayinta kuwa babu ruwansa da damina. Surukarta, Inna Kaltume, ta riga ta kafa doka tun ranar da cikin ya bayyana.

"Mai ciki in ta ci ƙwai, ɓarawo take haifa. Ranar da na kama ki, gidanku za ki koma, kuma ba dawowa."

"To, Inna."

Tulun ma na Inna ne, tsoho, an jingine shi a kango shekara da shekaru. Furera ta wanke shi, ƙanshin tsamiya bai sake shi ba. Ta ɗauka dace ta yi.

Da ƙwan suka jiƙu, sai suka soma raguwa. Ba aikin ɓera ba ne, gama ɓera ba ya mayar da faifai. Furera ta sakankance Inna ce ke kwashewa, tana tara shaidar da za ta zube gaban dangi. Ta rame. Mijinta Khalilu, mutum mai natsuwa wanda maƙwabta ke ba ajiyar iri, ya hore ta da ta riƙa cin abinci, ko da yake shi kansa a kwanakin ba ya iya shanye furarsa ta rana.

Da fargaba ta ishe ta, ta ƙudura sai ta san gaskiya. Ta dafa zoɓorodo mai kauri ta juye a tulun, har ƙwan suka rine ja, irin jan da ba ya barin farce da wanki ɗaya.

Washegari da hantsi Inna ta iske ta durƙushe bayan rumbu, tulu a buɗe. Furera ta saci kallon yatsun tsohuwar. Fes suke. Inna ta sunkuya ta shinshina.

"Gishirin ya yi kaɗan. Ba za su kai kaka ba."

Ana haka Khalilu ya dawo daga gona, ya tsuguna gaida mahaifiyarsa, ya dafa gwiwoyinsa da yatsu jajur.

Inna Kaltume ta dubi yatsun ɗanta, babu alamar mamaki a fuskarta. Ta mayar da faifan bisa tulu.

"Tashi, yarinya, babu inda za ki. Amma ki sani, ni ba jita-jita na faɗa miki ba. A tulun nan na jiƙa nawa, ina da cikin wannan."