Kwanon Haƙora

Ma'aikaciyar jinya ta dire kwano a tsakiyar ɗakin masu taɓin hankali. Haƙoran roba ne na mata talatin, jiƙe cikin ruwa ɗaya mai yauƙi.

"Kowacce ta laluba, wanda ya zauna a bakinki shi ne naki!"

Wata ɗaliba da ta zo nazarin zaman asibitin ta rubuta abin da ta gani. Shekara arba'in tana rubutu kan kwanon nan, har aka rufe wurin, aka karrama ta a Landan.

Yau, a gidan tsofaffi, mai kula da ita ta cusa mata haƙora a baki.

"Ba nawa ba ne."

"Haba Farfesa, ai sun zauna. Tauna mana."