Faya-fayai a Kan Kabeji

Ya tsaya a bakin lambun mahaifinsa a birnin Sheffield na Ingila, a fusace. Faya-fayan ƙungiyarsu ta kiɗan rok ne rataye a igiya, iska tana juya su a kan kabeji. Su huɗu sun ƙare ƙuruciyarsu wajen ƙera waƙa ɗaya mai cinye faifai guda. Aka buga faya-fayan CD da yawa, ba wanda ya saya, kowa ya kama gabansa.

"Baba! Wahalar tawa ka mayar abin korar tsuntsaye?"

Tsohon bai daina cire ciyawa ba. "Daina min ihu, sarkin jita. Ai ko wannan aikin sun kasa. Dubi can."

Tattabaru ne jere a ƙarƙashin faya-fayan, suna caccakar ganye. Ko su ba su ɗaga kai ba.