Ɓargon Nazira

Tun da Zailani ya shigo soro da la'asar, Nazira ta san da magana a bakinsa. Ko tsarabar kasuwar Dawanau da ya saba riƙo mata bai riƙo ba, sai juya makullin babur yake yi.

"Inna ta ce a dakata da sa rana," ya faɗa, idonsa a ƙasa. "Wai macen da aka zuƙe wa ɓargo ba ta haihuwa."

Tun bara gidan su Nazira ba a huta ba, kullum tafasa ruwan sha, kullum ba 'yan dubiya haƙuri, duk don ƙanenta Abdulgani da aka dasa wa ɓargonta ya rabu da sankarar jini. Yanzu da yaron ya miƙe, ga muryarsa can yana korar awaki, sai kuma wannan?

"A gabanka likita ya ce ɓargo yana dawowa kamar jini."

"Na sani. Amma Inna a bakin mutane ta ji." Ya ɗago ya dube ta, ya sassauta murya. "Mu ce mata yayanki Yahya ne ya bayar, ba ke ba. Shi ke nan, a wuce wurin."

Ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Duk rayuwata, Zailani, ban yi abin da nake alfahari da shi kamar wannan ba. Shi zan ɓoye don in shiga gidanku?"

Ta sunkuya ta kama bakin tabarmar da yake kai.

"Ɗaga, zan naɗe."