Lemon Tsami a Wutsiyar Roka

Wata malama na shirin danna maɓallin gwajin harba 'yar rokar da ta ƙera sai ga mahaifiyarta ta ratso gonar shinkafar da aka girbe, ta tattare sarinta, zanen nan na matan Indiya, riƙe da zare mai lemon tsami da barkono.

"Motar haya ma ba ta hawa titi sai an rataya mata maganin kambun baka, balle abin da zai je sama!"

"Haba Inna! Ƙa'idar ƙungiyarmu ta masu ƙera roka ta hana ɗaura mata komai. Nauyin zai karkatar da ita."

Damina guda ta yi tana ƙera 'yar rokar nan, ita kaɗai gare ta, gobe kuma gasa.

Tsohuwar ta juya ga ɗan sandan da ke tsaron filin. "Kai ɗana, ƙa'idar tasu dokar gwamnati ce? Kama ni za ka yi?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Inna, babu ita a dokar jiha."

Ta ɗaura abinta, har da ƙulli biyu.

Fuuu! Roka ta tashi, ta kai tsayin bishiyar kwakwa, sai ta sake shawara, ta yi kwana ta biyo 'yan kallo. Mai shayi ya yar da buta, ɗan sanda ya shige ƙarƙashin amalanke, malamar ta kife ƙasa, dariya ta ƙwace mata. Can rokar ta caki tulin kashin shanu tana hayaƙi.

"Daga yau doka ce!" in ji ɗan sandan daga maɓoyarsa.

Tsohuwar, wadda ko gezau ba ta yi ba, ta bi taron da kallo, ta gyara mayafi.

"Akwai wanda ta taɓa? To, ku gode wa lemon."