Suna na Farko a Jerin Imel

Yewande ta ƙura wa wayarta ido. Da safe asibiti ya tabbatar kukun shagon abincinta na da zazzaɓin Lassa.

"Tura imel ɗin," in ji Silas, saurayinta. "Duk wanda ya ci girkinsa makon jiya ya kamata ya sani yau."

"Ka duba suna na farko. Mamarka ce, ita ta sayi abincin taron matan coci. Da ma dalili take nema ta hana aurenmu."

Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Gara ta ƙi ki tana raye."

Ta runtse ido, ta danna. Kafin ta buɗe ido, wayarsa ta fara ƙara, mamarsa ce ke kira.